Ganyen shayi: gwangwani ko kwalbar gilashi?

'Yar'uwa, kin tambaya wanne ya fi wajen adana ganyen shayi, gwangwani mai murfi ko kwalbar gilashi, tunda naki yana saurin rasa ƙamshi. Ni dai gwangwani zan zaɓa miki, amma da sharaɗi.

A masana'anta ana busar da ganyen har sai danshin da ya rage a jikinsa ya koma wajen kashi 3 cikin 100. Shi ya sa yake zuƙe duk abin da ya tarar a iska, laima ce ko wari. Haske da zafi kuma su cinye masa ƙamshi a hankali.

Kwalba tana da nata alheri. Gilashi ba ya riƙe wari, da kin wanke ya fita tas, kuma in akwai roba a bakin murfin, iska ba ta samun hanya. Kina ganin abin da ya rage ba sai kin buɗe ba. Aibinta ɗaya ne, sai dai babba ne: haske na ratsa ta. Ki ɗora koren shayi a kwalba kusa da taga, za ki ga ganyen da ke jikin gilashin ya koɗe ya yi ja-ja, na tsakiya yana nan da korensa. In kwalbar kike da ita, ki sa ta can cikin kabad, ko ki naɗe ta da takarda mai kauri.

Gwangwani kuwa ya raba ki da matsalar haske gaba ɗaya. Inda yake kasawa shi ne murfi, don da yawa sakwaf suke. Ki rufe, ki ɗaga shi ta murfin, in ya zame to iska ma shiga take. Mai murfi biyu ya fi, ko ki bar ganyen cikin jakarsa ta asali, ki matse iskar, ki naɗe bakin, sannan ki saka. Kada ki zuba a wanda aka taɓa ajiye kofi ko kayan yaji, kuma in kin wanke ki bari ya bushe sarai saboda tsatsa.

Batun firji, ban ba ki shawara ba ga shayin da ake buɗewa kullum. Da ganye mai sanyi ya haɗu da iskar ɗaki sai ya yi gumi, laimar da ake gudu kenan.

Baƙin shayi yana da haƙuri, yakan kai shekara 2 in an adana shi da kyau. Koren shayi kam ya fi daɗi cikin wata 6 zuwa 12, shi ne ya fi buƙatar gwangwanin. Ko wanne mazubi kika ɗauka, ki nemi daidai yawan ganyen, don rabin mazubi babu komai iska ce zalla. Ki nisanta shi da murhu da sabulu, ki riƙa ɗiba da busasshen cokali.