Kafin ka sayi man ƙuraje a teburin mai magani

Ranar Juma'a a kasuwar Wudil, ka ce wa mai magani yaronka na susa, kafin ka rufe baki ya miƙo maka man nan mai haɗi uku. Ni ma shi na saya wa Auta da makero ya fito masa a wuya. Kwana uku susa ta tsaya, muka yi hamdala. Bayan sati biyu, abin da yake kamar kwabo ya kai faɗin murfin kofi.

Ƙanwata da ke aiki a asibitin sha-ka-tafi ta karɓi kwalin, ta ɗora yatsa kan wani rubutu. "Yaya, wannan betamethasone ɗin shi ya cuce ku. Ƙaiƙayi kawai yake kwantarwa, cutar na ci ta ƙasa." Ta ce su a asibiti sai sun duba siffar abin tukuna: shafe yake da fata ko ya taso, ruwa ne a ciki ko mugunya.

Makero zagaye yake, bakinsa a tashe, tsakiya a washe. Nemi clotrimazole zalla, mai 1%, a shafa safe da yamma sati 2 zuwa 4. Man Whitfield ma yana yi, ya kan fi araha, sai dai yana ɗan raɗaɗi. Amma in a kai ne, gashi na zubewa, kada ka ɓata kuɗinka a man shafawa, ba ya kai wa saiwar gashi. Ƙwayar griseofulvin ake sha sati 6 zuwa 8, ma'aikacin lafiya ya auna daidai nauyin yaro.

Ƙazuwa kuwa da dare take tashi, tsakanin yatsu, wuyan hannu, ƙugu. A nan zaɓi biyu ne. Benzyl benzoate, farin ruwan nan na kwalba, ya fi samuwa a ƙauye kuma ya fi sauƙin kuɗi, amma yana zafi, yara sai an sirka musu da ruwa. Permethrin mai 5% ya fi tsada, bai cika zafi ba: a shafe jiki daga wuya zuwa tafin ƙafa, a kwana da shi, a maimaita bayan sati. In da hali, shi zan ɗauka. Ko wanne ka saya, lissafa kowa da ke kwana a ɗakin, har wanda bai fara susa ba, a wanke zannuwa da ruwan zafi a shanya a rana. Kwalba ɗaya ba ta isar gida.

Ƙyasbi, clotrimazole ɗin dai ne, launin fata ne kawai ke daɗewa bai dawo ba. Duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin magunguna, da ranar lalacewa kafin ka biya.

Tabon da ya yi haske, ba ya ƙaiƙayi, a shafa masa auduga mai shi bai ji ba, wannan ba na mai tebur ba ne. A kai shi asibiti a duba ko kuturta ce, maganinta kyauta ake bayarwa, wata 6 ko 12.