Ranar da mai shago ya ce in koma gida da kuɗina

Ƙanena da ke karatu a BUK ne ya turo min saƙo makon jiya. Ya tara 'yan kuɗaɗensa zai sayi laftof, amma abokansa sun ce ya dakata, wai sababbi na nan tafe. "Yaya, in saya ko in jira?" Na fara ba shi amsa a WhatsApp, sai na ga maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, domin ni ma irin tambayar da ta kai ni wani shago ke nan a nan Hambog ta ƙasar Jamus, a farkon Nuwambar 2025, na fito raina a ɓace.

Tsohuwar kwamfutata tun daga Kano na zo da ita, ta hannu na saye ta a 2018. Fankarta in ta tashi sai ka ce injin markaɗe, batirin kuwa ko minti arba'in ba ya kaiwa. Ga shi Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, ita kuma baiwar Allah ta ƙi karɓar Windows 11, don injinta Intel ne janareshan na shida, su kuwa daga na takwas suka fara yarda. Ranar wata Asabar na shirya na tafi, tunda Lahadi a ƙasar nan ko allura ba za ka samu shagon da zai sayar maka ba, in ba tashar jirgin ƙasa ka je ba. Na yi shekaru a nan, har yau abin bai daina ba ni haushi ba.

Na nuna wata da ake sayarwa yuro dubu da 'yan kai, na ce ita nake so. Ma'aikacin wani dattijo ne mai furfura, gilashi rataye a wuya. Maimakon ya shiga ya ɗauko kwali, sai ya tambaye ni me nake yi da kwamfuta. Cikin Jamusancina mai ɗingishi na ce rubutu, lissafin Excel, sai kiran gida. Ya ce to wannan ta yi maka yawa, kuɗin wasan bidiyo za ka biya alhali ba ka yi. Ya ja ni wajen wata da ba ta kai kashi biyu cikin uku na kuɗin waccan ba. Sannan ya ƙara da cewa ko ita ɗin ma kada in saya yau, in bari nan da mako uku, ranar Black Friday da shaguna ke rage farashi, irin waɗannan ne ake yawan karya wa farashi.

Wallahi nan take zuciyata ta raya min cewa raini ne. Ya ga baƙar fata da tsohuwar jaket, ya yanke hukuncin ba ni da kuɗi. Na zaro katin banki na ajiye a kan kanta da ɗan ƙarfi, na ce ba rance na zo nema ba. Dattijon ya dubi katin, ya dube ni, ya ce in na nace zai sayar min yanzu, kuɗina ne. Amma in da ɗansa ne ya zo, abin da zai gaya masa ke nan. Na ce to sababbin da ake cewa za su fito fa? Ya ce kowace Janairu kamfanoni na taruwa a Las Vegas su baje sababbi, su ɗauki watanni kafin su iso kanta, su iso da tsada, kuma babu wadda za ta sa yatsuna su ƙara sauri. Jiran mako uku don ragi dabara ce, in ji shi, jiran sabuwar fitowa kuwa ba ya ƙarewa.

Na fito ban sayi komai ba. Cikin jirgin ƙasa ina ta juya maganar, ina neman inda zambar take, don mu haka aka raine mu: in mai kaya ya yi maka kirki, lalubi aljihunka. Har na kira wani abokina ɗan Zangon Kumasi da ya fi ni daɗewa a nan. Ya yi dariya ya ce, "Malam, albashinsa zai karɓa ko ka saya ko ba ka saya ba, me zai sa ya yi maka rantsuwa?" Wataƙila haka ne. Amma ni dai tunda uwata ta haife ni ban taɓa shiga shago da kuɗi a hannu mai kaya ya ce in je in dawo ba. A gida kafin ka rufe baki an ce ita kaɗai ta rage, yanzu wani Alhaji ya taya, in ka fita ka dawo ba za ka same ta ba.

Ranar 28 ga wata na duba ta intanet, farashin ya sauka kamar yadda ya faɗa. Na yi oda. Mai kawo kaya ya zo ba na nan, ya ajiye wa wata maƙwabciya da ba mu taɓa gaisawa ba, na kwana biyu ina buga mata ƙararrawa. Da na buɗe kwalin na zauna zan rubuta "yanzu", yatsuna suka bi inda suka saba, sai ga "zanyu" a allo. Na sha'afa cewa madannan Jamusawa sun musanya wa Y da Z mazauni. Su Z ce ta fi yi musu amfani. Bahaushe kuwa da ba ya jimla biyu babu "ya", "za", "yana", "zai", ai an gama da shi. Ana iya sauya tsarin daga ciki, amma sai abin da ke rubuce a kan maɓalli ya saɓa da abin da ke fitowa, ni kuma nakan duba maɓallan in ina rubutu. Dama ƙ da ɗ da ɓ sun ishe ni wahala.

Kwana tara ina amfani da ita, na yaga ledarta, na jefar da rabin takardun. A raina na ce shi ke nan, an sha ni, sai haƙuri. Ashe doka ce a duk Tarayyar Turai, abin da ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka mayar, ba sai ka faɗi dalili ba. Na goge abubuwana, na mayar da ita kwali, na manna takardar da suka turo, na kai wani ɗan kiyos da ke karɓar saƙo. Ba a yi mako ba kuɗina suka dawo cif. Babu wanda ya kira ya ce ai kai ka lalata. Na sayi irinta mai madannan Amurka. Ita ma doka ta ɗora wa mai sayarwa alhakinta na shekara biyu, kuma tun 2022 in ta samu matsala a shekarar farko, shi ne zai kawo hujjar cewa lafiya ya ba ni ita.

Na tuna rasit ɗin tsohuwar, da aka buga a ƙasansa cewa kaya in sun fita ba a dawo da su. Kwana uku da saye cajarta ta mutu, na koma, yaron shagon ya ce ai wutar unguwarku ce. Mutum ya idar da sallah a sahun gaba, ya dawo ya manna wa tsohuwar kwamfuta sitikar Core i7, alamar inji mai ƙarfi, ya ce "UK used ce, kamar sabuwa". Mu masu sayen ma da namu laifin. Sitika muke saye da sunan kamfani, don a gani a aji. Ba mai tambayar janareshan nawa ce, alhali i5 ta kwanan nan ta fi i7 ta shekara goma baya.

Sai dai kada in cika baki da yabon mutanen nan. Na kai tsohuwar wani wajen gyara ko za a canja mata fanka, aka ce dubawa kawai yuro 60, gyaran kuma ya fi kuɗinta, gara in kai ta wajen zubar da kayan lantarki. Nan na ji kewar Titin Beirut, inda ake sayar da kwamfuta da gyaranta a Kano, ta taso min. Yaro ɗan shekara ashirin zai kwance ta a gabanka, ya hura mata iska, ya ɗora fankar wata matacciya, kuna hira ana kawo shayi. Ga ciniki. A nan farashi a rubuce yake kamar aya, ba tayi, ba "albarka", ba "ƙara dai wani abu", ba "Allah ya sa a kashe lafiya". Ka biya, inji ya yi ƙara, a ce maka cus, wato sai an jima.

Abin da na gaya wa ƙanena shi ne, shawarar dattijon nan ta ƙasarsu ce. A nan in ka jira, kaya sauka suke. A gida farashin kwamfuta dala yake bi: kafin Yunin 2023 tana ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500, kuma ko ta sauko ɗan kasuwa cewa zai yi tsohon kaya ne, da tsada ya saro. Sabuwar da ake nunawa a Las Vegas kuwa, kafin ta zo daidai aljihun ɗalibi a Kano ya gama bautar ƙasa. Na ce ya saya yanzu, janareshan na takwas zuwa sama, RAM, wato ma'adanar da take aiki da ita, kada ta gaza giga 8, ya cire caja ya zauna a shagon ya ga yadda batirin ke sauka, don shi ne zai yi masa rana in an ɗauke wuta.

Ya saurari duk wannan, ya turo amsa layi ɗaya: "To Yaya, tsohuwar taka fa?" Na gama zagin masu tura mana gwanjon Turai, ga ta can cikin akwati na naɗe ta da rigar sanyi, tsakanin turaren Hajiya da cakulan yara, tana jiran hutun Sallah.