Kasparov da Deep Blue, Kramnik da Deep Fritz: wace karawa aka shirya bisa adalci?

Malam, ka tambaya me ya sa har yau ake gardama kan karawar darar ces da zakaran duniya Garry Kasparov ya yi da kwamfutar Deep Blue a 1997, alhali Vladimir Kramnik ma ya kara da kwamfuta a 2002 ba ka ji hayaniya ba, kuma wacce ce a cikinsu aka shirya bisa adalci. To, ta Kramnik ɗin ma an yi rigima a kanta. Masu kukan ne suka bambanta: a ta farko ɗan wasa ne, a ta biyu masu rubuta manhajoji ne.

A New York, cikin watan Mayu na 1997, kamfanin IBM shi ne mai na'urar, shi ya zuba kuɗin, shi ya shirya wurin. Dala dubu 700 ga wanda ya ci, dubu 400 ga wanda aka ci. Kasparov ya nemi a nuna masa wasannin da sabuwar Deep Blue ta buga kafin su haɗu, aka hana shi, alhali nasa wasannin duk suna rubuce, kowa na iya nazarinsu. Kuma an yarda injiniyoyi su yi wa na'urar gyara tsakanin wasa da wasa, ga manyan 'yan wasa irin Joel Benjamin suna taya su shiri. Ka ga kenan wadda ya kayar a wasan farko ba lallai ita ce zai tarar washegari ba.

Wasa na biyu ne ya kunna wutar. Deep Blue ta ƙi bin hanyar cin ɗa da ake ganin kowace kwamfuta za ta bi, ta yi wani taku na haƙuri irin na gogaggen mutum. Kasparov ya miƙa wuya, daga baya masu sharhi suka ce da ya daure zai iya samun canjaras. Ya yi zargin akwai hannun mutum, ya nemi bayanan lissafin na'urar, ba a ba shi yadda ya so ba a lokacin, sai daga baya IBM ya wallafa su a intanet. Aka tashi 3½ da 2½, Deep Blue ta ci. Ya nemi a sake, kamfanin ya ƙi, ya yi wa na'urar ritaya. Wannan ƙin shi ya fi ƙona ran magoya bayansa, domin a 1996 da Kasparov ya ci 4 da 2 a Philadelphia, ai ya yarda an sake.

A Bahrain kuwa, cikin Oktoban 2002, sai sharuɗɗan suka juya. Kramnik ya ga abin da ya sami Kasparov, wanda ya gada a kambun duniya, bai shiga da ka ba. An ba shi kwafin Deep Fritz tun kafin karawar ya yi ta gwaji da ita, kuma ba a yarda a sauya asalin manhajar ba bayan an fara. An kuma ba shi damar ɗage wasa idan ya yi tsawo. Fritz ma ba na'urar sirri ba ce, manhaja ce ta kamfanin ChessBase da ake sayarwa. Deep Blue tana duba yanayi kusan miliyan 200 a daƙiƙa ɗaya, ita kuwa 'yan miliyoyi kaɗan.

Rigimar Bahrain ta faro ne tun wajen zaɓen wadda za ta wakilci kwamfutoci. A 2001 aka haɗa Deep Fritz da Deep Junior a Cadaqués ta ƙasar Sifaniya, wasa 24, suka tashi 12 da 12, Fritz ta ci wasannin raba gardama. Shredder, wadda ta ci gasar kwamfutoci ta duniya a 1999, ba ta buga ba. Sai masu manhajoji suka ce ta yaya za a tallata karawa a matsayin ta gwanin mutane da gwanar kwamfutoci, bayan mai riƙe da kambun tana gefe? Wasu kuma suka ce an ɗaure wa Fritz hannu: shi Kramnik yana da 'yancin sauya salo kullum, ita an ce ta tsaya yadda ya san ta. Duk da haka ya kai 3 da 1 bayan wasa huɗu, sannan ya faɗi biyu a jere, aka tashi 4 da 4.

A ganina, ƙorafin Kasparov kan tsarin yana da tushe. Bai kamata mai gasa ya zama shi ne mai masauki kuma mai riƙe da duk bayanai ba. Zargin maguɗin ne ba a taɓa tabbatar da shi ba, kuma wasa na shida shi ya jawo wa kansa, ya shiga wani sanannen tarko a tsarin buɗe wasa na Caro-Kann, na'urar ta sadaukar da doki, taku 19 aka gama. Idan adalci ga ɗan wasa kake nufi, ta Bahrain ta fi. Idan kuwa so kake ka san iyakar ƙarfin na'ura, ta New York ce ta fi nunawa, domin ba a tauye ta ba.

A Bonn ta Jamus a 2006 an ƙara wa Kramnik sassauci, har ana nuna masa allon kwamfutar muddin tana bin kundin buɗe wasa. Duk da haka Deep Fritz ta ci 4 da 2, ciki har da wasan da bai lura za a kashe masa sarki a taku ɗaya ba. Daga nan ba a ƙara shirya babbar karawa irin wannan da mai riƙe da kambun duniya ba. Da babban ɗan wasa Hikaru Nakamura ya kara da manhajar Komodo a 2016, sai da aka rage wa manhajar 'ya'ya ko aka ba shi ƙarin taku tun farko, kuma ita ta ci.