Na Gwada Bravecto a Kan Kircin Kare: Inda Ta Yi Amfani da Inda Sai da Likita

Idan karenka ya kamu da kirci, irin wanda susa ke hana shi barci, kuma aljihunka zai iya ɗauka, ƙwayar Bravecto tana aiki. Na ba karnukan da ke gadin gonar kajina, na ga sakamakon da idona. Sai dai akwai abubuwan da ya kamata mutum ya sani kafin ya zaro kuɗinsa, kuma ba kasafai masu shagunan magani ke tsayawa su yi bayaninsu ba.

Na san a wajenmu da yawa ba sa ɗaukar ciwon kare a matsayin abin kashe wa kuɗi. Ni dai ina ganin duk wanda ya ajiye dabba don ta yi masa gadi ko farauta, haƙƙinta yana wuyansa. Karen da ke kwana a waje cikin sanyin hunturu yana kore maka ɓarayi da muzuru bai cancanci ka zuba masa ido fatarsa tana zagwanyewa ba.

Babban karena, Duna, shi ya fara. Karen gida ne da aka haɗa da jinin na waje, mai ƙiba da sheƙin gashi. Abin ya soma daga gefen kunnuwa: gashi ya zube, wurin ya yi ɓawo mai kauri kamar ƙanzon tuwo. Daga nan ya sauka gwiwar ƙafafun gaba, ya bi ƙirji da ciki. Gadon bayansa kuwa lafiya lau, abin da ya sa yaron gona ya daɗe yana cewa ƙuma ce kawai. Amma susar ta wuce ta ƙuma. Yana tsakiyar cin abinci zai tsaya ya hau karce jiki har jini ya fito, da dare kuma sai ka ji yana goga jikinsa a bango yana kuka ƙasa-ƙasa. Ya rame, ya daina zagayen da ya saba, jikinsa ya soma wari. Ba a jima ba yaron gonar da kansa ya nuna mini ƙananan jajayen ƙuraje a damtsensa da cikinsa, masu ƙaiƙayin tsiya.

Shawarar da na fi samu daga maƙwabta ita ce a shafe shi da baƙin mai. Wasu suka ce a diga fiya-fiya a ruwan wanka. Ina roƙon duk mai karanta wannan, don Allah kada ya yi ko ɗaya. Baƙin man da ya fito daga inji cike yake da dattin ƙarfe da guba. Yana ƙona fatar da dama ta riga ta yi rauni, kare kuma dole ya lashe jikinsa, gubar ta wuce ciki ta taɓa hanta da ƙoda. Fiya-fiya kuwa tana ratsa fata kai tsaye, tana iya kashe kare a yini guda, ta kuma jikkata wanda ya yi wankan. Na taɓa ganin ɗan kwikwiyon da aka yi wa baƙin mai a ƙauyen da ke kusa da mu, har yau ba na son tuna yadda ya ƙare.

Likitan dabbobin da na kira bai taɓa jakar maganinsa ba sai da ya gama bincike. Ya kama gefen kunnen Duna ya murza a hankali, nan take ƙafar baya ta hau susa a iska. Ya ce wannan alama ce mai ƙarfi. Sannan ya ɗauki reza ya kankaro fata daga wurare da dama, har jini ya ɗan tsattsafo, ya shafa a gilashi ya tafi da shi don dubawa a madubin da ke ƙara girman ƙananan halittu. Na ce masa, "Likita, tunda ido ya riga ya gani, kankarar ta mece ce?" Ya ce, "Alhaji, ƙwari biyu ne ke kawo wannan zubewar gashi, kuma maganar kowanne daban take."

Na farko shi ne Sarcoptes, ɗan'uwan wanda ke sa wa mutum ƙazuwa. Ɗan mitsitsi ne, ido ba ya ganinsa, danginsu ɗaya da kaska. Macen tana haƙa rami a saman fata tana zuba ƙwai, daga ƙwai zuwa babba kuma kusan mako uku ne. Jikin kare yana tayar da bore a kan ƙwaron da kashinsa, shi ya sa ƙwari kaɗan ke haddasa susa mai yawa. Yana yaɗuwa daga kare zuwa kare cikin sauƙi, yana kuma tsallakawa jikin mutum, ko da yake ba ya iya zama ya hayayyafa sosai a fatarmu. Wahalar gano shi ita ce sau da yawa a kankaro fata ba a same shi ba, alhali yana nan. Don haka idan alamu suka yi ƙarfi, likitoci kan ba da magani ko ba su gan shi ba.

Na biyu, Demodex, dogo ne siriri, yana zaune a cikin ramin gashi. Kusan kowane kare yana da shi kaɗan, daga uwa yake samu a kwanakin farko na shan nono. Ba ya zama ciwo sai garkuwar jiki ta yi rauni: ƙuruciya, yunwa, tsutsar ciki, ko wata cuta da ke ɓoye a jikin tsohon kare. Yakan fara da fuska, zagayen ido da ƙafafu, susarsa ba ta kai ta na farko ba sai idan ƙwayoyin cuta sun shiga. Ba ya kama mutum, ba ya kuma bin sauran karnuka. Amma ya fi taurin kai, ana ci gaba da magani har sai an kankara sau biyu, wata guda tsakani, ba a ga komai ba. Akwai kuma makero, wanda shi ba ƙwaro ne ke kawo shi ba, kuma wannan ƙwaya ba abin da za ta yi masa. Wanda ya saya a makance yana iya zubar da kuɗinsa a banza.

Na Duna Sarcoptes ne. Likita ya ajiye mini hanyoyi uku. Akwai allurar ivermectin, wadda makiyaya suka sani sosai. Tana da araha kuma tana aiki, sai dai ana maimaita ta bayan kowane mako biyu, saboda ba ta kashe ƙwai. Wadda ke kasuwa an yi ta ne don shanu da tumaki, abin da kare ke buƙata ɗan kaɗan ne, idan aka zarce sai karkarwa, makanta, har mutuwa. Wasu jinsunan karnukan Turawa, irin su Collie da danginsa, ba sa jure ta saboda wani lahani da suke gada. Akwai wankan amitraz, mai wari, mai sa kare kasala, wanda ake ta maimaitawa da safar hannu a wuri mai iska. Sai kuma ƙwayar taunawa, wato Bravecto. Gonata tana da nisa da gari, kawo likita akai-akai kuɗi ne shi ma, yaron gona kuma ba zan ba shi guba ya riƙa damawa ba. Na zaɓi ƙwayar.

Kamfanin MSD ne ke yin Bravecto, ta shigo kasuwar Turai da Amurka a 2014. Sinadarin da ke cikinta sunansa fluralaner. Idan kare ya ci, yana shiga jini ya zauna, duk ƙwaron da ya ci daga jikin karen sai jijiyoyinsa su rikice ya mutu. Ƙwaya ɗaya tana aiki har mako 12, a nan ne ta fi burge ni. Ƙwan da ke cikin fata zai ƙyanƙyashe bayan kwanaki, ya tarar maganin yana nan yana jiransa, ba sai an tuna ranar allura ta biyu ba. Asali an yi ta ne don ƙuma da kaska, daga baya hukumomin Turai suka amince da ita a kan nau'o'in kircin nan biyu.

Girma biyar gare ta, gwargwadon nauyin kare: kilo 2 zuwa 4.5, sai 4.5 zuwa 10, sai 10 zuwa 20, sai 20 zuwa 40, sai 40 zuwa 56. Ta kilo 20 zuwa 40 tana ɗauke da miligiram 1000, ita Duna ya sha. A nan fa ido ba mudu ba ne, a auna kare. Mu da sikelin da muke auna buhun abincin kaji muka yi: yaro ya hau shi kaɗai, ya sake hawa rungume da karen, muka cire. Takardar da ke cikin kwali ta hana a raba ƙwayar biyu, don haka dabarar sayen babba a gutsura wa karnuka biyu ba ta cikin tsari. Ana bayarwa lokacin cin abinci, ta fi shiga jiki haka. Duna ya karɓe ta daga hannu ya taune ba gardama. Karyar da ke cikin karnukan ce ta tsaya sunsuna, sai da aka cusa mata a cikin nama.

Wani abu da ya kamata 'yan'uwa Musulmi su sani: abin da ke ba ƙwayar ƙamshin da kare ke so daga hantar alade aka samo shi, yana rubuce a jerin kayan haɗinta. Ni da leda na riƙe, na kuma wanke hannu da sabulu, wanda dama takardar ta ce a yi. Wanda abin bai kwanta masa ba, akwai NexGard ta kamfanin Boehringer Ingelheim, danginsu ɗaya, mai ƙamshin naman sa, sai dai ita duk wata ake bayarwa. Simparica ta Zoetis ita ma ta wata-wata ce, amma ita ma akwai hantar alade a kayan haɗinta. Waɗannan biyun ban gwada ba.

A kwanakin farko susa ba ta tsaya ba, kuma likita ya riga ya gaya mini haka za a yi, domin ko ƙwaron ya mutu, gawarsa tana cikin fata tana ci gaba da tayar da ƙaiƙayi. Abin da na fara lura da shi shi ne barci. Kare ya kwanta ya miƙe ƙafa, ya yi barci mai nauyi da rana, abin da ya daɗe bai samu ba. Sai cin abinci ya dawo. Kafin wata ya zagayo ɓawon kunnuwa ya zube, ƙananan gashi masu laushi suka soma tsirowa a ciki da ƙirji. Gwiwoyin ne suka fi daɗewa, don fatar wurin ta yi kauri ta yi baƙi. Bayan wata biyu da 'yan kai, baƙon da bai san ya yi ciwo ba ba zai gane ba. Ban ga amai ko zawo a jikin ko ɗaya daga cikinsu ba, ko da yake takardar ta ce yakan faru ga wasu.

Ba ƙwayar kaɗai ta yi wannan aiki ba. Gyambunan da Duna ya ji wa kansa sun riga sun yi mugunya, sai da likita ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta da sabulun wanka mai chlorhexidine. Ya ba da maganin tsutsar ciki, ya ce a ƙara masa nama da ƙwai. Duk karnukan gonar aka ba ƙwayar rana ɗaya, har waɗanda ba su fara susa ba, don kare yana iya ɗauke da ƙwaron makonni kafin ya nuna. Tsofaffin buhunan da suke kwanciya a kai muka ƙona, aka wanke makwancinsu aka bar shi ya sha rana. Ƙwaron ba ya daɗewa a wajen jiki idan akwai zafi da bushewa, amma a wuri mai sanyi da laima yana iya kai mako biyu zuwa uku. Ƙurajen yaron gona sun baje da kansu bayan karnuka sun samu sauƙi.

Likita ya ja kunnena a kan abu guda: kada a sayo allurar rage ƙaiƙayi irin su dexamethasone a yi wa kare ba tare da an san wane ƙwaro ba ne. Ga mai Sarcoptes likita na iya ba da ita na ɗan lokaci. Ga mai Demodex kuwa tana ƙara danne garkuwar jiki, ciwon ya bazu ko'ina.

A watan Satumba na 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan duk magungunan wannan dangi, cewa an samu wasu karnuka da suka yi karkarwa, tangaɗi ko farfaɗiya bayan sun sha. Ba ta hana amfani da su ba, ta ce yawancin karnuka suna shan su lafiya. Amma idan karenka ya taɓa faɗuwa yana shure-shure, ka faɗa wa likita tun kafin ya rubuta. Kwikwiyon da bai kai mako 8 ba, ko bai kai kilo 2 ba, ba a ba shi.

Kuɗinta yana da nauyi, ba zan ɓoye ba, kuma tunda daga waje ake shigo da ita, farashin yana bin dala. Da na lissafa kuɗin zirga-zirgar likita da na wankan da ta ɗauke mini, sai na ga ban yi asara ba. Amma mafarauci mai karnuka bakwai ko goma, shi lissafinsa daban ne, allurar ivermectin a hannun likitan da ya auna kowane kare za ta fi masa sauƙi, kuma ba abin rainawa ba ce. Wani shago da na fara leƙawa ya ciro mini ƙwaya babu kwali babu takarda, a farashin da ya yi araha da yawa. Na bar masa kayarsa. A saya a hannun likita, a duba hatimi da ranar lalacewa. Wanda ke neman inda za a kankara fata a duba, asibitocin koyar da likitancin dabbobi na jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri suna yi, haka asibitocin dabbobi masu zaman kansu da dama a manyan garuruwa.

Na ci gaba da ba su saboda kaska, musamman da damina. Kaskar takan hau jiki ta ciza kafin ta mutu, don haka har yanzu muna duba kunnuwa da tsakanin yatsu. Takardar Turai ta ce a kan jar kaskar kare, wadda ita ce ta fi yawa a gidajenmu, ƙarfin ƙwayar mako 8 ne, ba 12 ba. Da wannan lissafin likita ya tsara mini lokacin ba su ta gaba.