Buga Ibrananci a firinta: a ɗora mata haruffan, ko a bar wa kwamfuta aikin?

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Ka ce wani malamin makarantar Littafi Mai Tsarki ya kawo maka takardun jarrabawa masu Ibrananci a ciki. A fuskar kwamfuta rubutun na fita daidai, amma a takarda sai ka ga 'yan akwatuna ko wasu baƙaƙe daban, kuma wani ya ba ka shawarar ka ɗora zubin haruffan Ibrananci a cikin firintar kanta. Kana so ka san wacce ta fi: wannan hanyar, ko a bar kwamfuta ta shirya komai ta tura.

Ta biyun zan zaɓar maka, babu wata-wata. Sai dai ta farkon ma ba shirme ba ce, an daɗe ana aiki da ita, kuma idan ka san yadda take za ka gane inda gizo yake saƙa.

Firinta LaserJet ta farko da kamfanin HP ya fitar a 1984, in kana son ƙarin haruffa sai ka sayi katirij ka zura mata. A 1985 LaserJet Plus ta zo da damar a turo mata haruffa daga kwamfuta ta ajiye a ma'adanarta. Kowane harafi a lokacin hoto ne na ɗige-ɗige, saboda haka kowane girma da fayil ɗinsa, kuma na takarda a tsaye daban da na takarda a kwance. LaserJet II ta 1987 kilobait 512 ta zo da shi, alhali hoton cikakken shafi mai ɗigo 300 a kowane inci yana cin kusan megabait ɗaya. Ka ga dole ce ta sa: a tura siffar harafi sau ɗaya, daga nan lambarsa kawai za a riƙa aikawa. Haka ofisoshin Isra'ila suka yi ta buga wasiƙu da rasitai zamanin DOS, tsarin kwamfuta na kafin Windows, da manhajojin rubutu irin su Einstein da QText. Daga baya LaserJet III ta 1990 ta kawo haruffan da ake ƙara musu girma ko a rage, LaserJet 4 ta 1992 ta zo da ɗigo 600 da TrueType, nau'in zubin haruffan da Windows ke amfani da shi.

Kafin komai, duba wace firinta ce a gabanka, domin wataƙila maganar ta ƙare tun daga nan. Ɗora haruffa da hannu sai a firintar da take jin yaren PCL 5 ko PostScript, irin su LaserJet 4250 ko P3015. Ƙananan da suka cika shagunanmu, wato HP 1018 da 1020 da P1102 da Canon LBP2900, ba su da wannan. Su kwamfuta ce take zana shafin gaba ɗaya ta miƙa musu, su dai su zuba hoda. In irinsu gare ka, babu inda za ka ɗora komai, hanya ta biyu ce kaɗai taka.

Mu ɗauka babbar ce. Za ka ba zubin lamba, ka tura fayil ɗin ɗanye ba ta direba ba (direba shi ne manhajar da ke haɗa kwamfuta da firinta), sannan ka gaya wa firinta ko na wucin gadi ne ko na dindindin. Na wucin gadi yana gogewa da zarar aiki na gaba ya fara. Wanda ake kira na dindindin ɗin yana tsallake wannan, amma a ma'adanar da take rayuwa da lantarki yake zaune. Ana ɗauke wuta ya tafi, ko da ƙiftawar ido ce kafin a tada janareta, sai ka sake turawa, in ba firintar tana da faifan ajiya nata na kanta ba. A hanya ta biyu ba ka da wannan ciwon kai. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne ita ma ɗora haruffan ake yi: direba ne yake tsinto waɗanda shafin ke buƙata, ya tura su tare da aikin a kowane bugu, ba tare da ka sa hannu ba.

Sai maganar lambobi. Ibrananci baƙaƙe 22 gare shi, biyar daga ciki suna canza siffa a ƙarshen kalma, jimla 27. Kwamfuta da lamba take sanin kowane harafi. A tsarin DOS mai lamba 862, alef, harafin farko, yana gurbi na 128, sauran su bi shi har 154. A ISO 8859-8 da Windows-1255 kuwa alef a 224 yake, su ƙare a 250. Zubin da ka ɗora da hannu tsari ɗaya ya sani. In rubutun ya zo da wani tsarin, ko dai shafin ya fito fari ko ya fito da shirme. Wannan ma zai taimake ka gane cutar: in ka ga kalmar שלום ta fito ùìåí, rubutun Windows-1255 ne aka buga da haruffan boko. In ka ga Ç da ü da é sun yi yawa, rubutun 862 ne ya faɗa hannun zubin Turanci na DOS. Akwatuna kuwa na nufin an nemi harafin a zubin da aka zaɓa ba a same shi ba. Da Unicode a kwamfuta, wato tsarin lambobi na bai-ɗaya na duk rubuce-rubucen duniya, kowane harafi lambarsa ɗaya ce a ko'ina, wannan rigimar ba ta tasowa.

Babban bambancin yana wajen alƙiblar rubutu. Firinta ba ta san Ibrananci daga dama yake farawa ba. Ka ba ta siffar alef, ta karɓa, amma za ta jera haruffa daga hagu kamar yadda ta saba. Don haka masu tsohuwar hanya sai sun juya kowane layi tukuna, harafin ƙarshe ya zama na farko, kafin su tura. Kuma juyin ba na makaho ba ne. Lambobi a Ibrananci daga hagu ake karanta su, kamar a Larabci, in ka juya layi ɗungurungum 1948 ta koma 8491, aya ta 3:16 ta zama 61:3. Baka biyu su juya wa juna baya. In kuma ka juya sakin layi kafin a yanka shi layi-layi, mai karatu sai ya fara daga ƙasa ya haura sama. Yanzu ka tuna takardar da ke hannunka: tambaya da Turanci ko Hausa, kalmar Ibrananci a tsakiyar jimla, lambar aya a gefenta. Wannan shi ne mafi wuyar abin da za a ba tsohuwar hanya. A Word ko LibreOffice kuwa akwai ƙa'idar Unicode ta haɗa rubutun dama da na hagu, ita take lissafa mazaunin kowane harafi, firinta ta karɓi shafi shiryayye.

Wasali ma haka, kuma a nan ne aikin naka ya rabu da na ofisoshin Isra'ila. Su jarida da rasit da takardar banki ba wasali suke buga su, baƙaƙe 27 sun ishe su, shi ya sa tsarin 862 da ISO 8859-8 ba su ma tanadi gurbin wasali ba. Ɗalibin da yake koyon Ibranancin Tsohon Alkawari kuwa da wasali yake karatu, wanda Masoretawan Tibariya, malaman Yahudawa na da, suka tsara: ɗigo a ƙarƙashin harafi, ɗigo a cikinsa, ɗigo a kansa, ga kuma alamomin rera karatu a kan waɗannan. Shin da sin harafi ɗaya ne, ɗigo ne ya raba su, na dama ko na hagu. Wanda ya taɓa buga ajami ya san yadda wasali ɗaya da ya goce yake ɓata kalma. Zubin da aka ɗora da hannu wuri ɗaya yake ajiye kowane wasali, ko harafin siriri ne kamar waw ko mai faɗi kamar shin, sai dai in manhajar ce ta riƙa matsar da shi ɗaya bayan ɗaya. Zubin OpenType na zamani yana ɗauke da bayanin inda kowace alama za ta zauna a jikin kowane harafi, amma kwamfuta ce take karanta wannan bayanin, ba firinta ba.

Inda tsohuwar hanya take da ranarta ɗaya ne: tsohuwar manhaja da take tura rubutu ɗanye kai tsaye, dubban shafuka iri ɗaya, babu wasali. A nan ta fi sauri nesa ba kusa ba. Takardar jarrabawa ba ta cikin wannan.

To ga abin da za ka yi. Sa zubin Unicode a kwamfutar. Ezra SIL kyauta ne, lasisinsa ya yarda da aikin kasuwanci, kuma an zana shi ne a kan siffar haruffan Biblia Hebraica Stuttgartensia, bugun da ɗaliban suka saba gani. SBL Hebrew ma yana da kyau ƙwarai, sai dai kyautarsa ta aikin ilimi ce wanda ba na neman kuɗi ba, kai kuwa shago gare ka. Zubin David da na Times New Roman sun wadatar in alamomin rera karatu ba sa ciki. A saitin direba, wajen TrueType, in yana kan Substitute with Device Font mayar da shi Download as Softfont, domin na farkon ne yake sa firinta ta musanya zubinka da nata wanda ba shi da Ibrananci. Mafi kwanciyar hankali shi ne ka mayar da takardar PDF a kwamfutar da take nuna rubutun daidai, ka buɗe a Adobe Reader, ka danna Ctrl da D, ka duba jerin haruffa ko an rubuta Embedded a gaban kowanne, wato zubin yana cikin fayil ɗin. In duk da haka ta ƙi, zaɓi Print as Image. Zai ɗan yi nawa, amma abin da ka gani shi zai fito.

Akwai tarko ɗaya. Malamai da yawa har yanzu suna da tsofaffin darussa da aka rubuta da zubin SPTiberian ko Bwhebb. Waɗannan a ciki haruffan boko ne aka sa wa rigar Ibrananci, kuma a baibai aka buga su. Kada ka canza musu zubi zuwa Ezra SIL, shirme za ka samu. Ko ya ba ka ainihin zubin ka sa, ko ya kawo PDF daga kwamfutarsa.

Wajen bugu ka sa ɗigo 600, ka kashe tsimin hoda, kuma kada Ibrananci mai wasali ya gaza girma 14. Dalet da resh ɗan ƙaho ne ya raba su, bet da kaf ma haka, hoda mai rauni tana haɗe su. Ko ba ka karanta Ibrananci, buga shafi ɗaya ka nemi waɗannan biyar: ך da ם da ן da ף da ץ. A gefen hagu na kalma kaɗai suke zama. In ka gan su a dama, layin ya juye, kada ka ci gaba da bugawa sai malamin ya duba.