HNG Internship, ra'ayina ga masu neman aikin coding na farko

Duk wanda ya koyi coding ya fara neman aiki ya san wannan ciwon, ka buɗe tallan aiki a LinkedIn an rubuta junior developer, wato sabon shiga a aikin coding, amma can ƙasa sai ka ga ana son gogewar shekara 2 ko 3, to don Allah a ina mutum zai samo ta in ba wanda ya taɓa ɗaukarsa? Nan ne HNG Internship, wato shirin horar da masu coding ta hanyar ba su aiki irin na kamfani, ta yi min rana.

Mark Essien mai kamfanin Hotels.ng ne ya assasa ta, komai ta intanet ake yi a Slack (manhajar hira ta ma'aikata), shiga kyauta ne, ba ruwansu da digirinka ko garinku. Za ka zaɓi ɓangarenka, frontend (fuskar shafin da mutane ke gani) ko backend (abin da ke aiki a bayan fage) ko mobile (manhajar waya) ko zane, sai a dinga ba ku aiki mataki-mataki da wa'adi, in ka gama ka haye, in ba ka gama ba a sauke ka. Dubbai ke shiga amma 'yan kaɗan ke kai ƙarshe.

Abin da ya fi burge ni shi ne lokacin da aka haɗa mu tim, wallahi abin da na koya a nan ba bidiyon YouTube da ya taɓa koya min shi, yadda za ka tura aikinka GitHub (shafin da ake ajiye code) wani ya duba ya ce gyara nan, yadda code ɗinka zai ci karo da na wani ku zauna ku warware, da karanta code ɗin da ba kai ka rubuta ba, wanda shi ne rabin aikin kamfani. Da na je intabiyu daga baya wannan labarin aka fi tambayata, ba satifiket ba.

Amma fa gaskiya ba wurin koyo daga sifili ba ne, ba wanda zai zaunar da kai ya koya maka HTML, wato matakin farko na gina shafin intanet. Ka fara wucewa freeCodeCamp, shafin koyon coding kyauta, ka kama yaren JavaScript da Git (manhajar bin sawun canje-canjen code) tukuna. Sannan ka tanadi data da inda za ka yi cajin laftop, don wa'adi bai san an ɗauke wuta ba, kuma barci zai yi ƙaranci sosai.

Ko ba ka kai ƙarshe ba ayyukan da ka yi suna nan a GitHub ɗinka, ka sa su a CV ka ci gaba da tura takardar neman aiki. Ni dai na ba ta 4 cikin 5.