Soson XPS da Wayar Yanka: Yadda Suka Yi Mini Aiki a Dayoramar Nomandi

Mai haɗa ƙananan samfuran kayan yaƙi ya san cewa gina tanka daban, samar mata fage daban. Fagen nan, wato dayorama, shi ke ba da labari, kuma kafin a zuba gam ko filasta sai an yi gwaji an ga inda komai zai zauna. Don wannan gwajin na yi amfani da allon soso mai tauri na XPS, irin wanda ake sa wa bango don tare zafi da sanyi, tare da ƙaramar na'urar yanka mai waya mai zafi.

Abin da nake shiryawa shi ne lungu tsakanin gonakin Nomandi a Faransa, Yuli 1944: tankar Sherman ta Amurka da aka haɗa wa haƙoran ƙarfe a gaba don fasa shingen bokaj, da sojoji uku a bayanta. Sikelin 1/35 ne, wanda Tamiya, kamfanin samfura na Japan, ta yaɗa tun shekarun 1960. A wannan sikeli mutum mai tsayin mita 1.75 santimita 5 ne kacal, Sherman kuwa wajen santimita 17. Shingen bokaj ba ciyayi ba ne kawai, tudun ƙasa ne mai bishiyoyi a kansa, don haka tsayin tudun shi ne komai. In ya yi gajere, me ya hana tankar haye shi? In ya yi tsawo, ya haɗiye sojojin.

A nan soson ya nuna amfaninsa. Na yanka gunduwa-gunduwa, na ɗora su a kan juna ba gam, tsinken sakace kawai ke riƙe su. Tankar ma ban gama haɗa ta ba, na kama jikinta da salatif na ajiye. Bishiyoyi kuwa takarda ce na murɗe na soka a waya. Sai in durƙusa, ido daidai da teburi, in ɗauki hoto da wayar hannu, in matsar da tudun, in sake ɗauka. Kyamara ba ta yi wa mutum kara. A hoton na ga cewa in hanyar ta tafi daidai da gefen allon, fagen ya mutu, kamar kayan da aka jera a kantar shago. Da na karkata hanyar, bakin bindigar tankar ya nufi kusurwa, sai ido ya fara bin sojojin zuwa inda za a fasa. Da kwali ma ana yin haka, amma kwali ba ya ba ka kauri, ba ka ganin inuwar da tudu zai jefa a kan hanya.

Wani abin da ya fi min daɗi: soson gwajin shi ne ya zama harsashin aikin. Da na gamsu, na zare tsinkayen, na shafa farin gam na kafinta, shi ke nan. Kuma ba ya marmashewa irin farin soson da ake kare talabijin da shi a cikin kwali. Har da bakin biro ana zana masa layin duwatsu ya riƙe.

Na'urar yankan dai ra'ayina a kanta ya rabu biyu. Wajen yanka madaidaici ba ta da na biyu, tana ratsa allon ba ƙura ko kaɗan. Amma wayar siririya ce, in ka tura da sauri sai ta lanƙwashe, yankan ya karkace. In ka tsaya sai ta narka rami. Gefen da ta bari kuma yakan yi sulɓi da tauri, abin da ba ya kama da ƙasar da saiwoyi suka riƙe. Gangaren tudun da wuƙa mai kaifi na fafe shi, na ƙarasa da yatsa. Warin hayaƙinta ma ba na wasa ba ne, sai taga a buɗe.

A kula da gam da fenti. Gam ɗin haɗa roba da fentin feshi na gwangwani suna cinye XPS nan take. Sai an rufe shi da filasta ko fentin akirilik tukuna. Farin gam kuma yana jinkirin bushewa tsakanin alluna biyu saboda iska ba ta shiga, don haka a shafa kaɗan, a danne da abu mai nauyi, a bar shi ya kwana.

Soson zan ci gaba da saye. Na'urar kuwa sai ga mai yawan gina bango da gidaje. Mai aikin tuddai da ramuka wuƙa mai sabuwar reza ta ishe shi.